Saniyar Ware a Hanyar Yamai

Duk littafin lissafin da na taɓa koyarwa da shi a sakandare yana da shafi guda da ba ya canzawa. Za a jero lambobi bakwai ko tara, a ce makin ɗalibai ne ko shekarun 'yan ƙwallo, a nemi yaro ya fitar da abu uku. Ya tara lambobin ya raba da yawansu, wato raba-daidai, wanda a aji muke ce wa min. Ya jera su daga ƙarama zuwa babba ya ɗauko 'yar tsakiya, midiyan ke nan. Sannan ya nemo wadda ta fi yawan fitowa, wato mod. Wani lokaci marubucin yakan cusa lamba guda da ta yi wa sauran nisa, 90 a cikin su 12 da 14 da 15, don yaro ya ga yadda take jan raba-daidai zuwa wajenta, alhali 'yar tsakiya ko gezau. Abin da yaro ke tashi da shi daga darasin shi ne wannan lamba ɓata lissafi take yi: ko a cire ta, ko a koma ga 'yar tsakiya a huta. Ni a gaban allo saniyar ware nake kiranta, kuma na daɗe ina ganin ba ma yi mata adalci. Lambobin littafi ba su da gari, ba su da mai su. Babu wanda za ka tara ka tambaya daga ina 90 ta fito.

Daminar 2022 ta ƙara mini wannan damuwa. Ambaliya ta ci garuruwa a Jigawa, ta gangara Lokoja har Bayelsa, mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Nijeriya, mu kuma muna cikin aji muna koya wa yara yadda ake kawar da lambar da ta wuce 'yan'uwanta. Ina da aboki a Yamai, malamin lissafi a wata babbar lakwal, wanda muka saba musayar tambayoyin jarrabawa ta waya. Da na kai masa kukana sai ya ce, "Malam, taho ka ga lambobi masu asali. A nan ruwan sama da kogi muke ƙirgawa."

Na bar Kano a hutun ƙarshen shekara, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe hanya tun daga Bichi har Kankiya. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar ba ta da nisa, amma shingayen jami'an tsaro sun sa ta yi tsawo, kuma babu fasinjan da ya yi ƙorafi, don kowa ya san halin da yankin ke ciki. A Magama na canza kuɗi, na sake koyon ƙirga da dala da jika, muka wuce Ɗan Isa, la'asar ta yi mana a Maraɗi.

Wanda ya saba da lungunan Kano ko Katsina zai yi mamakin tsakiyar Maraɗi. Tituna a miƙe, unguwanni an yanka su murabba'i-murabba'i. Garin da sarakunan Katsina suka kafa bayan jihadi ai bai kamata ya yi wannan kama ba. Mai masaukina ya kai ni gangaren yamma, inda tudu ke sauka zuwa kwarin Gulbin Maraɗi, ya nuna mini lambuna da itatuwan mangwaro, ya ce a can ƙasa tsohon garin yake. A 1945 gulbin ya cika ya cinye shi, Faransawa masu mulki a lokacin suka mayar da mutane kan tudu, suka shata sabon gari. Ranar da na tsaya a wurin yashi ne shimfiɗe, yara na tsallaka shi da jakuna. Da za a jera tsawon ruwan gulbin na shekaru masu yawa, 1945 za ta tsaya can gefe ita kaɗai, irin lambar da ɗalibina zai zagaye da jan biro. Amma ita ce ta zana garin da na kwana a ciki.

Babbar motar Yamai takan tashi tun kafin asalatu, don tafiyar ta haura kilomita 600. Kujera ta haɗa ni da wani dattijo, manomi daga wani ƙauye a bayan Dogon Dutsi, yana komawa gida daga ganin 'yarsa da ke aure a Maraɗi. Gari ya waye mana bayan Tibiri. Gonaki an girbe, sai karan hatsi a kwance, da itatuwan gawo kore shar, su da sai rani suke fitar da ganye.

Na ce, "Baba, bana yaya hatsi?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana. Dami hamsin da takwas na ɗaure."

Na tambaye shi na bara. Ya yi shiru kaɗan, ya ce takwas. Ruwa ya ɗauke hatsi na da ciki, kamar yadda ya yi wa sassa da yawa na Nijar a 2021. Daga nan ya shiga komawa baya da kansa, kowace shekara da abin da ya ɗaure ta da shi a ƙwaƙwalwa: shekarar auren yarinyar nan, shekarar da sansa ya karye, shekarar da aka gina rijiyar masallaci. Na ciro littafin aljihu na rubuta su bi da bi: 60, 55, 70, 65, 62, 8, 58. Ban taɓa samun lambobi bakwai masu kyau irin waɗannan a wani littafi ba.

A kan gwiwata na yi aikin, mota na girgiza biro. Jimla dami 378. In an raba bakwai, 54. In an jera su, 8, 55, 58, 60, 62, 65, 70, 'yar tsakiya 60 ce. Na gwada musu ma'aunin da ake koya wa manyan ɗalibai, wanda masanin ƙididdiga Ba'amurke John Tukey ya yaɗa a littafinsa na 1977. Ana duba lambar da ke rubu'in ƙasa da ta rubu'in sama, a nan 55 da 65, tazararsu 10. A ninka tazarar sau ɗaya da rabi, 15 ke nan, a kafa shinge a ƙasa a kan 40, a sama a kan 80. Duk abin da ya faɗa bayan shinge ya fita zakka. Takwas ta faɗa can nesa. Abin da ake yawan mantawa shi ne Tukey ya kafa shingen ne don ido ya kai ga lambar a bincike ta. Bai ce a zubar da ita ba.

Dattijon ya leƙo ya ce me nake ta zanawa. Na bayyana masa cewa a makaranta, in aka samu shekara guda da ta bambanta haka, ana cewa lambar tsakiya ta fi faɗin gaskiya, don haka gonarsa gonar dami sittin ce.

Ya ce, "Gaskiya ne, gonar sittin ce. In mutum zai aure 'yata ya tambayi ƙarfin gidana, sittin zan ce. Amma Malam, in na ci sittin kowace shekara, ranar da takwas ta zo me zan ba yara?"

Na sake duba takardar. In gidan ya ci dami 60 sau bakwai, 420 ke nan, alhali gonar 378 ta bayar. Gibin dami 42 zai buɗe, kuma a shekara guda zai buɗe, lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa. Lambar da za ta raba gidan da yunwa ita ce 54, raba-daidai ɗin nan da littafi ya ce saniyar ware ta lalata shi. Ba ta lalata shi ba. Ta shiga cikinsa ne da nauyinta, kuma wannan shi ne amfaninsa: shi kaɗai ne cikin ukun yake riƙe da jimla. Mai tambayar yadda shekara ta saba zuwa, a ba shi 'yar tsakiya. Mai tambayar abin da za a ɗiba daga rumbu, ba shi da amsa sai raba-daidai. Shawarar littafi tana da wurinta, misali in ana maganar albashin ma'aikata goma da mai kamfani ɗaya, inda kuɗin mai kamfani ba zai taɓa shiga aljihun sauran ba. Hatsin shekara mai kyau kuwa yana iya tsallakawa zuwa mummuna, muddin akwai rumbu.

Rumbunan kuwa ga su nan ta taga, bayan Madawa, manya-manya na laka masu tumbi, an ɗora su a kan duwatsu don gara da danshi, kowanne da hular ciyawa. Ya ce a zamanin kakansa akwai rumbun da ba a buɗewa sai shekara ta ɓaci, kuma abin kunya ne maigida ya taɓa hatsin bana na bara bai ƙare ba. Yanzu bakuna sun yi yawa, gonaki sun tsuke, da wuya hatsi ya ga wata kaka. Ya ambaci 1984, wadda mutanen wannan yanki ke kira El Buhari, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya a shekarar. Na ce masa mu ma a Kano tsofaffi sun bar mana sunan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Shekarun da suka zo daidai babu wanda ya raɗa musu suna. Waɗanda suka fita zakka su ne ake lissafin haihuwa da aure da su.

A Galmi motar ta tsaya, ƙamshin albasa ya shigo tun kafin a buɗe ƙofa. Jar albasar garin ta yi suna har Abidjan da Accra. Na tambayi wani dillali kuɗin buhu, ya ce wane kuɗi nake so, na wanda ya matsu da safe ya karyar, ko na baƙon da bai san gari ba aka tsuga masa, ko kuɗin da kasuwa ta tsaya a kai? Na ce na ƙarshen. Ya ce shi ne wanda aka fi sallamawa a kai tun safe. Mod ke nan, ba tare da allo ba. Bai tara ba, bai raba ba, kuma bai manta da mai karyarwa da baƙon ba, ya dai san dalilin kowannensu, shi ya sa ya ajiye su gefe da hujja.

Gaba kaɗan, a Tsarnawa, hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa zuwa Tawa da Agadas. Can arewa akwai wani layi da ba a gani da ido. A 1961 sabuwar gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na makiyaya ne. An shata layin ne bisa ruwan saman da aka saba samu, kuma an shata shi jim kaɗan bayan shekarun 1950, waɗanda suna cikin mafi ruwa da yankin ya gani a ƙarnin. Bayan shekara goma da 'yan kai fari ya sauka, ya daɗe har cikin shekarun 1980, layukan ruwan sama suka zamo kudu da fiye da kilomita 100. Duk matsakaici yana da shekarun da aka ɗebo aka haɗa shi, kuma ya kamata a riƙa tambayar waɗanne ne. Wannan tambaya ba na jin na taɓa ganinta a takardar jarrabawa.

Ƙonni muka yi sallar azahar. Dattijon ya sauka a Dogon Dutsi, ƙarƙashin jajayen duwatsun da garin ya samo suna, ya sa mini albarka, ya ce in gaya wa yaran kada su raina takwas. Dosso, Birnin Gaure, sannan dajin Kure inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke kiwo. Duhu ya riga ya shiga, ban ga ko ɗaya ba. Fitilun Yamai suka tarye mu bayan isha.

Abokina, wanda yaran unguwa ke kira Mushe, ya fara nuna mini takardar sakamakon ɗalibansa. A tsarinsu maki a kan 20 yake, kowane darasi da nauyinsa, lissafi a ajin kimiyya ya fi sauran nauyi, a ninka, a tara, a raba, wanda ya kai 10 ya tsira. Yaransu tun suna ƙanana sun san abin da mummunan maki guda a darasi mai nauyi yake yi wa shekara sukutum. Amma ba don wannan ya kira ni ba. Da hantsi ya kai ni gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin awon yanayi, bayan ya shafe rayuwarsa yana karanta ma'aunin ruwan sama a garuruwa daban-daban.

Har yanzu yana da nasa ma'aunin a tsakar gida, a kan ƙarfe, nesa da bango da bishiyar dalbejiya. Mazurari ne a sama, ruwa na gangarawa cikin kwano, a juye shi cikin siririyar kwalba mai zane-zanen awo. Ya ɗaga kwalbar daidai idonsa ya nuna mini yadda ake karantawa daga ƙasan lanƙwasar ruwan, ba daga gefen da ya hau jikin kwalba ba. Milimita ɗaya, in ji shi, lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Da damina gidan rediyon ƙasa yakan karanto abin da kowane gari ya samu, mutane na saurare don su ji labarin ƙauyensu.

Ya ɗauko littattafansa, masu bangon kwali da ya sha hannu. Kowane shafi wata guda, kowane layi rana guda. Abin da ya fara kama idona shi ne yawan sifiri. Janairu sifiri daga sama har ƙasa, Fabrairu haka, Maris haka. Ko a Agusta akwai layuka da yawa babu komai, sai ka ci karo da 38 ko 52 a tsaye ita kaɗai.

Mushe ya ce, "To Malam, ga aikin gida. Yamai na samun wajen milimita 550 a shekara. Raba shi da kwana 365."

Na ce ɗaya da rabi, kusan.

"Ka taɓa ganin garin da ake yayyafin milimita ɗaya da rabi kullum? To fitar da 'yar tsakiya."

Kwanakin ruwa a Yamai ba su kai 60 a shekara ba. In an jera kwanakin shekara daga mafi bushewa zuwa mafi ruwa, fiye da 300 na farko sifiri ne. 'Yar tsakiya sifiri. Mod sifiri. Ya ce in kafa shingen Tukey. Rubu'in ƙasa sifiri, rubu'in sama ma sifiri, tazara sifiri, shinge ya tsaya a kan sifiri. Ma'ana duk ranar da aka yi ruwa a Yamai, ko na kwantar da ƙura ne, ta fita zakka. Yaron da ya bi ƙa'idar cirewa da biyayya zai miƙo takarda mai cewa ba a ruwa a babban birnin Nijar, kuma bai yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba. Hatsin ƙasar, da rijiyoyinta, da ciyawar dabbobinta, duk a cikin waɗannan 'yan kwanaki suke. Na daɗe ina neman misalin da zai nuna wa ɗalibi cewa ƙa'ida ba ta tunani a madadinsa, ban taɓa samun wanda ya kai wannan ba.

Na tambayi dattijon ko ke nan ba a taɓa cire lamba. Ya ce ana cirewa mana, shi ma ya cire da hannunsa. A rubutun Faransanci waƙafi ake sa wa a inda mu muke sa ɗigo, 45,0 maimakon 45.0. Wata shekara takarda ta zo masa daga wani ƙauye da 450 a rana guda, kusan ruwan shekara. Bai goge ba, bai kuma shigar ba. Ya duba garuruwan da ke kewaye, babu wanda ya wuce hamsin a ranar. Ya aika tambaya: gidaje sun faɗi? Hanya ta yanke? Aka ce lafiya lau, ruwa ne mai kyau, an yi shuka. Waƙafi ne ya ɓace a wajen kwafa. Ya gyara, ya rubuta dalili a gefen layin da kwanan wata.

"Amma ɗana," in ji shi, "da a Wagadugu nake ranar 1 ga Satumba 2009, takarda ta zo mini da 263, me zan yi? Shi ma kama da kuskure yake."

Wannan kuwa ba kuskure ba ne. A ranar Wagadugu ta samu milimita 263 cikin sa'o'i kaɗan, kusan sulusin abin da take samu a shekara, ruwa ya shiga babban asibitin birnin, dubban gidaje suka rushe. A kan takarda 450 da 263 duk sun tsallake shinge. Babu dabarar lissafin da za ta bambance su. Sai an fita daga cikin lambobin an tambayi gari. Ya ƙara da cewa ko maƙwabta ba kullum suke raba gardama ba, domin ruwan Sahel na gajimare ɗaya ne. Tun daga 1990 masu bincike suka dasa ma'aunai masu yawa kusa da juna a kewayen Yamai, suka tabbatar da abin da manoma suka sani, cewa ƙauyuka biyu da ke jin kiran sallar juna na iya ƙare damina ɗaya da ƙoshi ɗaya da fari.

Da yamma muka haye gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, zuwa Harobanda, ɓangaren da jami'ar Abdu Mumuni take. A nan cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya sa ƙasashen Sahel suka haɗa ƙungiyar CILSS a 1973. Ita kanta cibiyar 'yar shekarun da suka fita zakka ce. Mushe ya bayyana mini yadda hasashen damina da ake fitarwa kowace shekara yake aiki. Ana ɗaukar shekara 30, kamar yadda Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsara, a da 1961 zuwa 1990, yanzu 1991 zuwa 2020. A jera su daga mafi fari zuwa mafi ruwa, a kasa uku, goma-goma. Sai a ce bana ta fi yiwuwa ta faɗa kashin sama, ko na tsakiya, ko na ƙasa. Dangin 'yar tsakiya ne wannan, jeri ake bi ba jimla ba, don kada shekara guda ta ja ma'aunin. Ga wurin da shawarar littafinmu ta yi daidai, kuma na ji daɗin ganinta tana aiki a hannun masu abin. Sai dai shekara talatin ɗin farko cike suke da fari, don haka damina guda tana iya zama mai yawa a tsohon ma'auni, ta zama daidai a sabo.

Muka gangara bakin kogi. Na zaci zan tarar da shi ya janye, tunda rabon Yamai da ruwa tun Oktoba. Sai na same shi cike, faɗinsa ya ɗauke ido, masu kwalekwale na ɗauko kabewa, mata na wanki a kan matakala. Mushe ya ce kogin Kwara a Yamai sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa daga wajen Burkina Faso, ja wur da laka. Akwai kuma wannan da nake gani, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni, sai yanzu yake isowa, ya kai ƙololuwa wajen Janairu. Tudu biyu a zane guda. Wanda ya ba da lamba ɗaya ya ce ita ce tsakiyar wannan kogi bai faɗi komai game da shi ba.

Ya nuna mini irin allunan awo da ake kafawa a gaɓa, ƙarfe mai zanen santimita, ruwa na lasar lambobin. A Yamai in ruwa ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A Agustan 2012 ya kai 618, aka ce ba a taɓa gani ba. A 2019 ya kai 638. A Satumban 2020 ya kai 700, ya fasa datsi, ya shiga unguwannin wannan ɓangare irin su Lamorde da Kirkisoy. Har yanzu akwai gidajen da zanen ruwan ke jikin bangonsu, na ga ɗaya da ya kai mini ƙirji. Kuma wannan kogin ne dai ya tsaya cak a Yamai a Yunin 1985, har mutane suka taka cikinsa da ƙafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da masana ruwa suka yi, cewa jan ruwan ya fara ƙaruwa tun a shekarun da ruwan sama ke raguwa. An sare itatuwa, an nome daji, ƙasa ta zama fako, ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake zuwa rafi. Saboda haka 618 da 638 da 700 ba tsautsayi uku ba ne da suka faɗo a jere. In saniyar ware ta yi ta samun 'yan'uwa a gefe guda, garken ne ke ƙaura. Injiniyan da zai ɗaga datsin Lamorde ba ruwansa da raba-daidai, ba ruwansa da 'yar tsakiya, ba ruwansa da mod. Lambar da ta fi kowace girma yake nema, da wadda za ta iya fin ta nan gaba. A manhajarmu wannan lamba ba ta da wani aiki sai a cire ƙarama daga cikinta a samu tazara, a ci maki ɗaya.

Mun yi gardama da Mushe a daren, a kan tabarma, da shayi. Shi yana ganin a daina ba yara lambobin ƙirƙira gaba ɗaya. Ni ban kai nan ba. Yaron da zai zauna jarrabawar WAEC dole hannunsa ya saba da tarawa da rabawa da jerawa, kuma ƙananan lambobi masu tsabta suna da amfani wajen wannan horo. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a nan, a sallami yaro da tunanin cewa akwai ma'auni guda da ya fi sauran a kowane hali, ko cewa lamba tana zama ƙarya don ta yi nisa. Muka dai daidaita a kan cewa duk jerin lambobin da za mu ba ɗalibi, mu faɗa masa wa ya auna, kuma wa ke jiran amsar: mai neman aure, ko mai rumbu, ko mai gina datsi.

Dattijon nan mai awon yanayi ya koya mini yadda za mu yi namu ma'aunin ba tare da sayen komai ba. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, in an tsoma rula a ciki zurfin ruwan shi ne milimitar da ta sauka. A kafa shi a fili, a ɗaure kada iska ko akuya ta kayar, a karanta kowace safiya a lokaci guda, a zubar, kuma ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar layin fayau, don fayau na nufin ba a duba ba.

Matsala guda ta taso tun ina cikin motar dawowa. Agusta ne watan da ya fi ruwa a Kano, kuma a cikin dogon hutu yake faɗowa. In yara ne kaɗai za su karanta, manyan lambobin shekara za su wuce babu kowa a makaranta. Da na koma na sami maigadinmu, wanda ba ya zuwa ko'ina da hutu, na yi masa bayani. Ya ce zai iya, sai dai shi da alƙaluman allo yake rubuta lamba, na ce ba komai, yara za su juya su in an dawo. Na saya masa littafi mai bangon kwali, na ja layi uku a kowane shafi: na kwanan wata, na awo, da na uku mai faɗi inda zai rubuta abin da ya gani a ranar, ko kwata ta cika, ko katanga ta faɗi, ko wani yaro ne ya zuba ruwan buta a gwangwanin.